Fitilar RAID ɗinka kore ce, amma yaushe rabon da a karanta abin da ke ciki?

Maganar yau ta masu tara bayanai da yawa ce: mai situdiyon hoto, mai tace finafinai, mai kula da kwamfutocin makaranta ko asibiti ko ofis, da duk wanda ya sayi ɗan akwatin nan na NAS ya zuba masa faifan ajiya huɗu, ya ce shi ke nan, ya rabu da fargabar asarar fayil. In kana cikinsu, tambaya ɗaya zan fara yi maka. Yaushe rabon da wani abu ya karanta duk abin da ke cikin faifan nan naka, daga farko har ƙarshe? Ba ina nufin ka buɗe folda ka ga sunayen fayiloli a jere ba. Ina nufin a bi kowane gurbi a karanta, a tabbatar abin da aka ajiye shi ne har yanzu yake kwance a wurin.

Yawancin waɗanda nake yi wa wannan tambaya fitila suke nuna min. Ga ta nan kore, lafiya lau. Ni kuwa a shekarun da na yi ina gyaran irin waɗannan na'urori, babu abin da na daina yarda da shi kamar koriyar fitilar nan. Abin da take gaya maka kawai shi ne faifan suna juyawa kuma suna amsa kira. Rumbu ma daga waje tsaf za ka gan shi, alhali gara ta daɗe da shiga ta ƙasa.

Bari mu ɗan koma tushe, don a nan matsalar take. Sunan RAID ya fito ne daga Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a Amurka, inda David Patterson da Garth Gibson da Randy Katz suka fitar da maƙalarsu a 1988. Shawararsu ita ce, maimakon a dogara da faifai ɗaya babba mai tsadar gaske, a haɗa ƙanana masu arha da yawa, a bar rara a cikinsu ta yadda in ɗaya ya mutu aiki ba zai tsaya ba. RAID 1 kwafi biyu ne, duk abin da aka rubuta a wannan faifai an rubuta a wancan. RAID 5 na jure mutuwar faifai ɗaya, RAID 6 na jure biyu. Shi kuwa RAID 0, duk da sunan, ba shi da rara ko ƙwaya, gudu kawai yake ƙarawa, in ɗaya ya faɗi duka sun faɗi. Kada ka ajiye abin da kake so a kansa, mu wuce wurin.

Duk wannan tsari an gina shi ne a kan zato ɗaya: cewa faifai in zai lalace, fitowa fili zai yi ya ce na mutu. To amma faifai yana da wasu hanyoyin lalacewa waɗanda ba ya sanar da kowa.

Ga misali da lissafin 'yan firamare, ka riƙe shi don za mu yi ta komawa gare shi. Ka ɗauka faifai huɗu ne a RAID 5. Na ɗaya ya riƙe 7, na biyu 4, na uku 9, na huɗu kuma ya riƙe jimillarsu, wato 20. A zahiri ba tarawa irin wannan ake yi ba, wani lissafi ne na sifili da ɗaya da ake kira XOR, kuma ana rarraba jimillar ne a kan duka faifan, amma ma'anar ɗaya ce. In na biyu ya mutu, babu damuwa: 20 a cire 7 a cire 9, saura 4. An dawo da abin da ya ɓata, domin an san wane ne ya ɓata.

Yanzu ka ɗauka na biyu bai mutu ba, yana nan da ransa, amma da aka tambaye shi sai ya ce 5. Abu na farko da ya kamata ka sani: a karatu na yau da kullum, yawancin tsarin RAID ba sa duba jimillar nan kwata-kwata. Abin da faifai ya miƙo shi za a miƙa maka. Abu na biyu ya fi ciwo. Ko da an zo an duba, an ga 7 da 5 da 9 sun ba da 21 alhali an rubuta 20, wa ya yi ƙarya a cikin huɗun? RAID 5 ba shi da hanyar sani. Abin da yake yi in ka ce ya gyara shi ne ya goge 20 ya rubuta 21. Ka ga ya sa wa ƙarya hannu ke nan. RAID 1 ma haka: kwafi biyu sun saɓa, shaidu biyu kowa da maganarsa, babu na uku, sai kawai a ɗauki ɗaya a danne ɗayan da shi.

Kada ka ɗauka tatsuniya ce ta masu son tsoratar da mutane. A 2008 an wallafa wani bincike da masu bincike na Jami'ar Wisconsin da kamfanin NetApp suka yi a kan faifai miliyan 1.53 cikin watanni 41, suka sami fiye da wurare 400,000 da abin da aka karanto ya saɓa da abin da aka rubuta. Cibiyar CERN da ke kan iyakar Suwizalan da Faransa ma ta gwada nata a 2007, ta tarar da irin wannan ɓarna ta shiru. Dalilan suna da yawa: faifai ya ce ya rubuta alhali bai rubuta ba, ko ya rubuta a gurbin da ba shi aka ce ba, ko waya ta yi sako-sako, ko RAM ya juya lamba ɗaya a hanya. Kai abin da za ka gani, wataƙila bayan shekara, shi ne hoto rabinsa toka-toka, ko bidiyo yana tsalle a minti na goma sha biyu, ko fayil ɗin lissafin ofis ya ƙi buɗewa.

Wannan ke nan ta farko. Akwai ta biyu, kuma ita na fi cin karo da ita a wurin aiki: gurbin da ya ruɓe a ɓoye. Kowane gurbi a faifai yana da nasa ɗan lissafin gyara, saboda haka in ya lalace, faifan zai gane ya ce ba zan iya karanta nan ba. Wannan da sauƙi, RAID zai ɗauko daga rara ya sake rubutawa, faifan ya kauce wa gurbin ya koma wani. Amma fa sai an je karanta wurin sannan za a gane. Fayil ɗin bikin da aka ajiye shekara uku da suka wuce, wa ya sake buɗe shi? Ruɓar tana nan kwance, tana jiran ranar da ta fi kowace muni, wato ranar da wani faifan ya mutu aka zo sake gini.

Na taɓa zuwa wurin wani mai tace bidiyo, akwatinsa faifai huɗu ne a RAID 5, aikin shekaru a ciki, har da na mutanen da ba su karɓi nasu ba tukuna. Faifai ɗaya ya mutu, ya sayo sabo ya saka, ya yi komai daidai yadda littafin na'urar ya ce. Sake gini ya yi nisa, ya wuce kashi tamanin, sai wani faifan daban ya ci karo da gurbin da ya kasa karantawa, tsarin ya fitar da shi, komai ya tsaya cak. Bawan Allah nan ko ruwan da aka kawo mana bai iya sha ba, waya kawai ke ta ƙara a aljihunsa. Abin da muka yi shi ne muka kashe akwatin, muka kwafe faifan na biyu zuwa wani sabo da manhajar ddrescue, wadda ke tsallake wurin da ya ƙi karantuwa ta koma masa daga baya, sannan muka tilasta wa tsarin ya haɗu da kwafin. Kwana uku muka yi. Yawancin aikin ya dawo, 'yan fayiloli kaɗan suka tafi. Da aka duba tarihin akwatin, tun ranar da aka kunna shi ba a taɓa yi masa karatun dubawa ba ko sau ɗaya.

Ka yi lissafin da kanka ka gani. Kamfanonin faifai suna rubuta wa na gida cewa ana iya samun kuskuren karatu ɗaya cikin kowane bit tiriliyan 100, wato kusan TB 12.5. Na manyan ma'aikatu sun ninka haka sau goma. Faifai huɗu masu TB 8 a RAID 5, in ɗaya ya mutu, sai an karanta TB 24 cif daga ukun da suka rage ba tare da tuntuɓe ba. Gaskiya ne wannan adadi na kamfani iyaka ce ta mafi muni, faifai mai lafiya yakan yi abin da ya fi haka sosai, don haka ba na cikin masu cewa lallai sai sake ginin ya faɗi. Amma ka ƙara da lokaci: cika faifan TB 8 da gudun MB 150 a daƙiƙa zai ci kusan awa 15, in ba a taɓa akwatin ba ke nan, in kuwa ana aiki a kai yana iya kai kwanaki. Duk tsawon lokacin nan ba ka da rara ko ɗaya, kuma tsofaffin faifai suna aikin da ba su taɓa yin irinsa ba. Shi ya sa ni dai a ra'ayina, da zarar faifanka sun wuce TB 4 kowanne, ka haƙura da RAID 5, ka sadaukar da faifai ɗaya ka koma RAID 6. Na san kuɗi ne, na san yadda dala take. Amma ka kwatanta da kuɗin kwana ukun can.

Maganin ruɓar ɓoye ba ya cin ko sisi. Ni sintiri nake kiransa: ka sa tsarin ya riƙa zagayawa yana karanta komai lokaci-lokaci, tun rara tana nan, duk gurbin da ya samu ya lalace ya gyara nan take. Sau ɗaya a wata ya isa ga yawancin mutane. A akwatin Synology ka shiga Storage Manager ka nemi Data Scrubbing ka saka masa jadawali. A katunan RAID na manyan kwamfutocin ofis za ka ga Patrol Read da Consistency Check, ka kunna duka biyun. In kuma Linux kake da mdadm, ga umarnin:

echo check > /sys/block/md0/md/sync_action

Ka bi ci gabansa da cat /proc/mdstat, in ya gama ka duba:

cat /sys/block/md0/md/mismatch_cnt

A RAID 5 ko 6 sifili ya kamata ka gani. In ka ga wani adadi, kada ka yi saurin rubuta repair, ka tuna labarin 20 da 21. Ka fara bincikar faifan da wayoyi da RAM, ka gwada muhimman fayiloli da kwafin da kake da shi a wani wuri. A RAID 1 kuwa ana iya ganin ɗan adadi ba tare da wata ɓarna ba, musamman in akwai swap a kai, kada hankalinka ya tashi tun ba ka duba ba. Debian da Ubuntu kan zo da jadawalin wata-wata a saite, amma ka tabbatar yana gudana. Akwatin da ake kashewa kullum da magariba idan an tashi daga aiki, jadawalin tsakar daren Lahadi ba zai taɓa riskarsa ba.

Sintiri yana gano saɓani, amma bai san mai gaskiya ba. Wanda ya warware wannan shi ne tsarin ZFS, wanda Jeff Bonwick da Matthew Ahrens suka fara a kamfanin Sun Microsystems a 2001, ya fito ga jama'a a 2005. Dabararsa ita ce duk gutsuren bayanin da zai rubuta sai ya lissafa masa wata lamba kamar hatimi, kuma ba ya ajiye hatimin a jikin gutsuren, can sama yake ajiye shi wurin da ke nuni zuwa gare shi. Duk lokacin da aka karanta sai an gwada da hatimi. In faifai ya miƙo 5 a maimakon 4, hatimi bai dace ba, sai ya ɗauko daga ɗayan kwafin, ya ba ka mai kyau, ya koma ya gyara na ɓatacce, ya kuma rubuta wa faifan laifi a kundinsa. Shaida na uku ya samu ke nan. Umarnin zpool scrub shi ne sintirinsa, zpool status kuma zai nuna maka ginshiƙai uku, READ da WRITE da CKSUM. In na ukun ya fara hawa a kan faifai ɗaya, ka san inda za ka sa ido. In ma abin ya fi ƙarfin gyara, zpool status -v zai gaya maka sunan fayil ɗin da ya lalace, kuma wallahi wannan kaɗai ni'ima ce, ka san abin da ka rasa maimakon ka zauna kana zargin komai.

TrueNAS kyauta ne kuma a kan ZFS yake, tsohuwar kwamfuta mai isasshen RAM za ta ɗauke shi. Sharaɗi ɗaya: ka bar ZFS ya ga faifan kai tsaye, kada ka sa katin RAID ya haɗe su a gabansa. Btrfs ma yana da hatimi, kuma kwafi biyunsa yana aiki da kyau, amma nasa RAID 5 da 6 masu shi da kansu sun daɗe suna gargaɗi a kai. Masu Synology, ga wani ɗan wuri da ake yawan tsallakewa: lokacin da kake ƙirƙirar folda ta tarayya a kan Btrfs, akwai akwatin da ke cewa Enable data checksum. Sai a lokacin ƙirƙira ake iya danna shi, tun ran gini tun ran zane. In ka riga ka wuce, sai dai ka buɗe sabuwar folda ka kwashe kayan zuwa can.

Sai maganar wuta, wadda mu nan ta fi shafarmu fiye da waɗanda suka ƙera na'urorin. Koma kan misalinmu. Ana canza 7 zuwa 8, dole a canza jimilla daga 20 zuwa 21. Rubutu biyu ne a faifai biyu. An rubuta 8, kafin a rubuta 21 NEPA ta ɗauke. Tsarin kirki in ya tashi zai lura an kashe shi ba bisa ƙa'ida ba, ya sake lissafin. Amma in a wannan tashin faifai na biyu ya ƙi juyawa, kuma ai irin lokacin da tsohon faifai ke ƙin tashi ke nan, to 20 a cire 8 a cire 9 zai ba da 3, alhali 4 ne. Fayil ɗin da ko taɓa shi ba ka yi ba ranar, shi ne ya lalace. ZFS ya kauce wa wannan rami domin ba ya rubutu a kan tsohon wuri, sabon wuri yake nema sai ya gama sannan ya juya nuni. Ga sauran kuwa, UPS ba ado ba ne. Kuma ba a jona wuta kawai a tafi ba, ka haɗa wayar USB ɗinsa da akwatin, ta yadda in batir ya yi ƙasa zai kashe kansa cikin natsuwa kafin a je a tayar da inji. Batirin UPS a zafin garuruwanmu ba ya daɗewa, ka riƙa zare filogi lokaci-lokaci ka ga minti nawa zai riƙe. Katin RAID ma yana da nasa ɗan batir da ke riƙe abin da ba a gama rubutawa ba, in ya mutu ka canza shi, kada ka tilasta wa katin ya ci gaba da tara rubutu a ƙwaƙwalwarsa babu batir.

Wurin sayen faifai kuma, abu biyu. Ka nemi masu CMR, ka guji SMR. A 2020 ne aka gano wasu faifan WD Red masu TB 2 zuwa 6 SMR ne, irin waɗanda ke yin nauyi matuƙa lokacin sake gini, har daga baya kamfanin ya ware na CMR da sunan Red Plus. Sannan kada ka kwaso duka huɗun daga kwali ɗaya rana ɗaya in kana da hali. 'Yan gida ɗaya ciwonsu ɗaya. A 2019 kamfanin HPE ya yi gargaɗin cewa wasu SSD ɗinsa za su mutu daidai lokacin da suka cika awa 32,768 suna aiki, wato shekara 3 da kwana 270 da awa 8, saboda kuskure a manhajar cikinsu. Duk waɗanda aka kunna tare, tare za su faɗi, babu RAID ɗin da zai tare wannan. In na hannu ka sayo a kasuwa, ka karanta SMART ɗinsa kafin ka biya: awannin da ya yi, da lambobi 5 da 197 da 198, masu ƙirga gurabun da suka lalace ko ake zargi. Sai dai SMART ma ba boka ba ne. Binciken da Google ya fitar a 2007 a kan faifai fiye da 100,000 ya nuna kusan kashi 36 cikin ɗari na waɗanda suka mutu ba su nuna wata alama a can ba. In ya yi kuka ka yarda da shi, in ya yi shiru kada ka sakankance.

Na bar maganar ajiyar ko-ta-kwana zuwa nan da gangan, don kowa ya ji ta har ya gaji: RAID ba ya maye gurbin kwafi na dabam. Ka goge folda bisa kuskure, cikin ƙiftawar ido ta gogu a duka faifan. Manhajar masu garkuwa da fayil ta shigo, ɓarawo ya ɗauke akwatin, gobara ta tashi, tsawa ta bi ta waya, duk ɗaya ne. Kwafi uku, a kan nau'in ma'ajiya biyu, ɗaya a wani gini dabam. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, kwafin ma yana iya kwashe ɓarnar shiru ya adana maka ita da kyau. Saboda haka ka riƙe tsofaffin kwafi na watannin baya, kada sabo ya riƙa danne na jiya, kuma duk bayan 'yan watanni ka ɗauko fayil biyu ko uku daga ciki ka buɗe ka gani da idonka.

Kafin ka rufe wannan rubutu, ka je ka saita saƙon gargaɗi, na imel ko na waya, sannan ka danna maɓallin gwaji ka tabbatar ya iso wurin mutumin da har yanzu yake aiki a ofishin. Na sha tarar da akwati ya yi watanni yana aika kuka zuwa adireshin wanda ya daɗe da barin aiki. Ka ajiye faifai ɗaya na jiran ko-ta-kwana a durowa, ba a fafe gora ranar tafiya. Kuma ka samu ɗan tef da biro, ka rubuta lambar siriyal ta kowane faifai a jikin gurbinsa ta waje. Ranar da ɗaya ya mutu, hannu na rawa, waya na ƙara, in ka zare mai rai a maimakon mataccen, RAID 5 ya rasa biyu ke nan.